Ra'ayinmu: A ƙarasa wa masana halayyar ɗan Adam karatunsu, majinyata na jira a bakin iyaka

Duk wanda ya daɗe yana cin kasuwannin bakin iyaka, daga Birnin Ƙonni da Illela zuwa Ɗan Isa da Jibiya, ko Magarya da Maigatari, ya san akwai wani ciwo da ya yawaita a cikinmu a shekarun nan, wanda awon jini ba ya nuna shi, hoton ƙirji ma ba ya nuna shi. Mutum ne ka san shi da kazar-kazar, shi ke riga kowa buɗe rumfa, sai a wayi gari ya zama wani iri. Ba ya barci, ba ya son hayaniya, ƙarar babur kaɗai ta isa ta zaburar da shi, lissafin da a da yake yi da ka yanzu ko da biro da takarda ba ya fita. In ka tambayi iyalinsa sai su ce ai tun da aka karɓo shi daga hannun ƴan bindiga bai koma daidai ba, ko kuma tun da kayansa suka ruɓe a mota lokacin da aka rufe iyaka.

Kwanakin baya wani mai sayar da hatsi ya bugo mana waya a shirin dare na gidan rediyonmu. Ya ce ƴan uwansa sun sayar da shanu da fili kafin su fanso shi, kuma yau wata takwas ke nan da dawowarsa amma ƙafarsa ba ta sake taka tasha ba, yaronsa yake turawa da kaya. Ya je asibiti an auna shi, an ce ba zazzaɓin cizon sauro, hawan jinin ma kaɗan ne, aka ba shi ƙwayar barci. Malaminsa ya yi masa addu'a da rubutu, ya ce ya ji sanyi a ransa ƙwarai, sai dai mafarkin dajin bai bar shi ba. Abin da ya tambaye mu shi ne wa zai gani. Muka duba, duk amsar da muke da ita sai an haɗa da doguwar tafiya da kuɗin mota da na masauki. Wannan tambaya tasa ce ta sa muka ɗauki alƙalami yau.

Bari mu fara da rarrabe ma'aikatan, domin mutane da yawa suna haɗa su wuri guda su ce musu likitocin mahaukata, kuma wannan suna kaɗai ya hana dubban mutane neman taimako. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya gama karatun likita tukuna sannan ya ƙware a kan taɓin hankali. Shi ke rubuta magani, shi ke kwantar da majinyaci idan abin ya yi tsanani. Akwai ma'aikatan jinya da aka horar a wannan fanni. Sannan akwai masanin halayyar ɗan Adam, wanda masu Faransanci ke ce wa sikolog. Shi wannan ba karatun likita ya yi ba, kuma a ƙasashenmu ba ya rubuta magani. Karatunsa a kan tunani ne da ɗabi'a da yadda yaro ke girma da yadda mutum ke koyo ko mantuwa. Fannin yana da rassa: wani ya nufi makarantu, wani ma'aikatu da kamfanoni, wani bincike. Reshen da ke zama da majinyaci ido da ido, ya gano abin da ke damunsa, ya yi masa jinya ta hanyar zama da magana bisa tsari, shi ake kira na asibiti, kuma ba a kai gare shi sai da ƙarin karatu bayan digirin farko.

Wani zai ce magana ai kowa ya iya ta, me ya kai ta jami'a? To, mu ɗauki mai hatsin nan. Irin ciwonsa, wato firgitar da ke bin mutum bayan ya tsira daga bala'i, yana da hanyar jinya da aka gwada aka tabbatar. Ana zama da shi kamar sau 8 zuwa 12, galibi mako-mako. A fara koya masa yadda zai kwantar da numfashinsa idan zuciya ta fara bugawa, a bayyana masa cewa abin da yake ji ba hauka ba ne, jiki ne ya ƙi yarda cewa hatsarin ya wuce. Daga nan a bi labarin abin da ya faru da shi a hankali, daki-daki, har ya iya tuna shi ba tare da gumi ya keto masa ba. A duba tunanin da ya maƙale masa, kamar cewa shi ya jawo wa danginsa talauci, a auna shi tare a ga ko gaskiya ne. Sannan a sa masa matakai: yau ya je bakin tasha ya dawo, wani mako ya zauna cikin mota tana tsaye, gaba ya yi tafiyar kilomita 10 tare da ɗan uwansa. Kowane mataki yana da lokacinsa, kuma wanda bai ƙware ba yana iya tura mutum da wuri ya ƙara rikita shi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2013, ta ba da shawarar irin wannan jinya, ta kuma yi kashedi kan gaggawar bai wa wanda ya firgita ƙwayoyin kwantar da hankali irin su baliyam. Haka nan ba ta goyon bayan al'adar nan ta tara waɗanda suka tsira a zama guda a matsa musu kowa ya amayar da abin da ya gani, domin bincike ya nuna hakan ba ya hana ciwon, wani lokaci ma yana jinkirta warkewa. Mai kyakkyawar niyya da bai san wannan ba, ɓarna zai yi yana ganin taimako yake yi.

Ku ƴan kasuwa kun fi kowa sanin wannan ƙa'ida. Yaron da ya gama lakwal, ya iya lissafi, ya iya Faransanci da Turanci, babu maigidan da zai miƙa masa makullin shago da littafin bashi a ranar farko. Sai ya yi shekaru yana gani, yana auna mudu a gaban maigida, ana gyara masa, ya san wanda ake ba bashi da wanda ake yi wa murmushi a sallama, kafin a yanka masa jari. Karen mota ma ba ya zama direba don ya haddace alamun hanya. To haka wannan aiki yake. Digirin farko, wanda a tsarin jami'o'inmu na yanzu ake yi cikin shekara 3 a kira shi lasansi, yana ba ɗalibi ilimin littafi. Zama da matar da aka kashe mijinta a gabanta, ko saurayin da ke maganar kashe kansa, ana koyon sa ne a gaban gwani, majinyaci bayan majinyaci, gwanin yana sauraro yana gyarawa.

Ƙasashen da suka daɗe a harkar duk a kan haka suka tsaya. A Faransa, tun dokar 1985 ba mai kiran kansa sikolog sai ya haɗa lasansi da masta a fannin, wato shekara 5, tare da aikin gwaji na awa 500. A Ingila mai son aikin asibiti yana ƙara shekara 3 na digirin dakta, kuma hukumar lafiyar ƙasar ce ke biyansa albashi a tsawon karatun, domin kusan rabin lokacinsa a wurin majinyata yake. Tsarin Ostareliya ya fi kama da abin da muke nufi: mutum yana iya samun rajista a matsayin masanin halayya na gama-gari, ya yi aikinsa, amma ba zai kira kansa na asibiti ba sai ya yi karatun ƙwarewa, ya kuma ƙara wani lokaci yana aiki a ƙarƙashin idon wanda ya riga shi. Ba sai mun je nesa ba ma. Ghana, inda da yawanku ke da dangi a zangon Kumasi da Ankara, ta yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2012, a 2013 kuma ta yi dokar da ta kafa majalisar da ke yi wa masana halayya rajista da ba su lasisi, Jami'ar Legon kuma tana koyar da reshen asibiti a matakin gaba da digiri. A Najeriya jami'o'i irin su Ibadan da Jos suna ba da masta a wannan reshe, kuma a farkon 2023 aka bayyana sa hannun shugaba Muhammadu Buhari a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.

Abin lura a tarihin wannan sana'a shi ne yaƙi ne ya raine ta. An buɗe ɗakin duba majinyata na farko irin wannan a Amurka a 1896, amma sana'ar ba ta bunƙasa ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da sojoji suka dawo gida da yawan gaske suna fama da firgita, likitocin ƙwaƙwalwa kuma suka yi kaɗan. Hukumar tsofaffin sojoji ta zuba kuɗi a jami'o'i, ta buɗe asibitocinta don ɗalibai su yi gwaji, a 1949 kuma aka yi babban taro a garin Bolda aka tsara yadda horon zai kasance. Ba su ce sai ƙasa ta huce tukuna ba.

Mu kuma namu yaƙin ya same mu a gida. Tun harin Boso da Difa a Fabrairun 2015 gabashin Nijar bai koma yadda yake ba. A 2019 mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka fara kwararowa cikin jihar Maraɗi, musamman yankin Gidan Rumji, har Hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a watan Satumba na shekarar sun haura 40,000, daga baya aka tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Satar mutane don kuɗin fansa ta tsallako Madarunfa. A kan wannan kuma sai ga masifar aljihu: Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 har Disamban 2020, lokacin da aka buɗe Illela da Maigatari cikin na farko, aka yi ƙarancin takardun naira a farkon 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe iyaka har Maris ɗin 2024. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya karya wani wanda kuka sani. Wani ƙiyasi na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka buga a 2019 ya nuna cewa a wuraren da rikici ya shafa, kusan mutum 1 cikin 5 yana fama da wani ciwo na tunani, daga mai sauƙi har mai tsanani. Ita dai hukumar, a ƙididdigarta ta 2020, ta ce a yankin Afirka ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa ba su kai 2 ba ga kowane mutum 100,000, alhali a Turai sun haura 40.

Ba za mu tsallake maganar tiramol ba, ko da yake wasu masu karatu ba za su so ta ba, tunda ta cikin kasuwanninmu take bi. Ƴan dako da ƴan kabu-kabu da yaran mota suna shan ta don su jure aiki, daga ƙwaya ɗaya har ta kai sai an haɗiye da yawa kafin a iya tashi. Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da wata ƙwaya a cikin shekara guda, kuma a shekarar ce aka hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Duwan da jandarma suna iya kama katan, amma yaron da jikinsa ya riga ya saba, kamun ba ya raba shi da ita. Iyaye da suka rasa yadda za su yi su ne ke kai ƴaƴansu gidajen mari. Kowa ya tuna yadda a Satumban 2019 ƴan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa, aka kuma sami irinsa a Daura a watan da ya biyo baya. An rufe gidajen, an yi daidai. Sai dai uban da ya kai ɗansa can bai sami wata ƙofa da aka buɗe masa a madadin ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Ba wai babu masu digiri a fannin ba ne. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai tana yaye su, wasu kuma sun yi karatunsu a Najeriya ko wasu ƙasashen maƙwabta. Da rikici ya ɓarke, ƙungiyoyin agaji suka kwashe su aiki a sansanoni, aka yi musu bita ta kwana biyar ko mako biyu, aka tura su. Mun zanta da wata daga cikinsu da ta yi shekaru tana aiki da matan da suka gudo. Ta gaya mana ba ɓoye-ɓoye cewa aikin sauraro da kwantar da hankali ta iya shi, amma ranar da aka kawo mata yarinyar da ta daina magana sam bayan abin da aka yi mata, ba ta san ta inda za ta fara ba, kuma babu wani babba a kusa da za ta tambaya. Ta so ta koma karatu, sai ta ga dole ta ajiye aikin da take ciyar da gidansu da shi, ta tafi Yamai, fiye da kilomita 600 daga Maraɗi, ta yi shekara biyu ba albashi. Ta haƙura. Da kuɗin ƙungiyar ya ƙare, kamar yadda ya faru da ayyuka da dama bayan Amurka ta rushe hukumarta ta agaji a 2025, sai ta koma sayar da atamfa. Ba mu raina sayar da atamfa ba, sana'ar iyayenmu ce, amma shekarun da ta yi tana koyon zama da masu firgita sun tafi a banza, su kuma matan suna nan inda ta bar su.

Irin waɗannan mutane muke magana a kansu. Sun riga sun yi rabin tafiya, sun san ƙauyukan, suna jin Hausa da Barbarci da Fillanci, mutane sun saba da fuskarsu. Horar da likitan ƙwaƙwalwa guda daga farko yana cin fiye da shekara 10. Wanda ke da lasansi da shekarun aiki a hannu, shekara 2 na masta mai ƙarfi tare da gwaji a asibiti za su mayar da shi ma'aikacin da za a iya dogara da shi. A lissafin kasuwa ma, wannan ita ce hajar da ta fi saurin juyawa.

Don haka muke kira ga ma'aikatar lafiya da ta ilimi mai zurfi su zauna tare su buɗe wa ma'aikatan da ke bakin aiki ƙofa ta musamman. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da Jami'ar Andire Salifu ta Damagaram duk suna da tsangayar koyon aikin lafiya, ga manyan asibitoci a garuruwan biyu. Ana iya tsara karatun yadda ɗalibi zai zo aji mako guda a wata, sauran lokacin yana wurin aikinsa, yana rubuta bayanin majinyatan da ya gani, malaminsa yana bibiya ta waya ko ta intanet, yana kuma kai masa ziyara. Mun san za a ce malaman da za su sa ido sun yi kaɗan, kuma gaskiya ne, wannan ita ce babbar matsalar, ta fi ta gini da kujeru. Shi ya sa bai kamata a buɗe da ɗalibi ɗari ba. A fara da goma ko goma sha biyar, a zaɓe su da kyau, a gayyato malamai daga Yamai da Dakar, a kuma daidaita da maƙwabta. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware yana kan hanyar Sakkwato zuwa Illela, mutanen Ƙonni da Tawa sun san hanyarsa. Idan majinyaci zai iya tsallaka iyaka ya je can, ba mu ga dalilin da zai hana ɗalibi ya je ya yi wata uku yana koyo ba, ko da kuwa gwamnatocin biyu suna ƴar tsama. Masta ɗin da babu gwaji a cikinsa kuwa gara kada a buɗe shi, domin takarda kawai zai ƙara wa mutum, ya fito yana jin ya iya.

Kuma a yi horon da harshen da majinyaci zai yi kuka da shi. Kundin da aka ƙaddamar a Maris ɗin 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. To ga wurin da ya kamata a ga amfanin wannan magana. Bahaushe ba ya zuwa asibiti ya ce yana da ciwon damuwa. Cewa zai yi zuciyarsa ta ɓaci, ko kansa na yi masa zafi, ko wani abu na yawo a jikinsa, ko tunani ya yi masa yawa. Yawancin gwaje-gwajen da ake auna tunani da su an tsara su ne a Turai da Amurka, kuma tambayar da ta dace da ma'aikacin ofis a Faris ba lallai ta dace da mai sayar da albasa a Galmi ba. Ɗaliban masta su ne za su iya ɗaukar wannan aiki a matsayin bincikensu, su fassara, su gwada, su gyara.

Akwai masu cewa ƙasa matalauciya ba ta da halin irin wannan dogon karatu, gara a yi wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gajeren horo. Rabin maganarsu gaskiya ce. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi a 2008 a kan haka ya ginu. A Zimbabuwe ma likita Dikson Cibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, zama 6, kuma sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Abin sha'awa, sunan da suke kiran ciwon da harshensu ma'anarsa yawan tunani, kamar dai mu. Amma kakannin nan ba su kaɗai suke ba. Akwai ƙwararrun da suka tsara abin da za su faɗa, suke duba aikinsu, suke karɓar majinyacin da ya fi ƙarfinsu. Sikolog na asibiti guda a babban gari yana iya riƙe ma'aikata da yawa na ƙauye. In babu shi, gajeren horon yakan zama takardar shaida a jikin bango bayan shekara guda.

Masu tsoron cewa wannan ilimi zai zo ya ture malamai da addu'a su ma su kwantar da hankalinsu. Tun 1954 Farfesa Tomas Adewoye Lambo, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, ya zaunar da majinyatansa a gidajen mutanen ƙauyen Aro kusa da Abekuta tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. A asibitin Fan na Dakar, Hanri Kolom ya bi hanya mai kama da wannan daga 1959. A 2020 aka buga sakamakon wani gwaji da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, inda masu maganin gargajiya da na addini suka yi aiki tare da ma'aikatan asibiti, majinyatansu kuma suka fi samun sauƙi a kan waɗanda aka bari ba haɗin gwiwa. Mai hatsin da ya bugo mana waya ba ya bukatar ya bar malaminsa. Wanda ya ƙware da gaske zai tambaye shi wace addu'a ce ke kwantar masa da rai, ya sa ta cikin tsarin jinyar.

Sai maganar rajista, wadda a ganinmu ta fi shafar ɗan kasuwa kai tsaye. Jarin ɗan kasuwa na farko sunansa ne. Ranar da aka ji raɗe-raɗin cewa Alhaji wane ya taɓu, ranar masu ba shi kaya bashi za su fara ja da baya, abokan adashi su fara kallon juna, wanda ke neman ƴarsa ma ya sake shawara. Saboda haka ne da yawa suka gwammace su mutu da ciwonsu a ciki. Ba wanda zai buɗe bakinsa sai ya tabbata abin da ya faɗa a ɗakin nan ba zai riga shi isa kasuwa ba. Riƙe sirri darasi ne da ake koyarwa a horon, amma darasi kaɗai ba ya tsare kowa. Sai in akwai hukumar da ke riƙe da sunayen waɗanda aka yarda da su, wadda za a kai wa ƙara, ta kuma iya soke sunan wanda ya ci amana. A buga sunayen a fili, a nuna wane ne na gama-gari, wane ne ya yi ƙwarewar asibiti, yadda kowa zai iya dubawa kamar yadda ake duba hatimin sikeli. Yanzu da wayar hannu ta cika da masu kiran kansu ƙwararrun warware damuwa, suna karɓar kuɗi ta Facebook da WhatsApp, wannan bukata ta ƙara tsananta.

In an horar da su kuma a ɗauke su aikin gwamnati, a ba su ɗaki a asibitin gunduma, ɗakin da ƙofarsa ba ta da allon da zai kunyata mai shiga. In ba haka ba, mun horar wa ƙungiyoyin waje ne da ƙasashen Turai. Wanda aka biya wa karatu ya sa hannu zai yi wasu shekaru a inda aka tura shi, ko Madarunfa ce ko Magarya ko Difa.

Ku ma masu karatu akwai naku kason. Alhazan Maraɗi da na Ƙonni da na Damagaram an san su da gina masallatai da haƙa rijiyoyi da biya wa mutane kujerar Makka, Allah ya saka musu. Kuɗin karatun ɗalibi guda na shekara biyu bai kai ribar tirela guda ta wasunku ba. Ƙungiyar ƴan kasuwar gari ɗaya tana iya ɗaukar nauyin ɗa ko ƴar garin da ke da digirin, bisa sharaɗin in ya gama zai riƙa zama ranar kasuwa a wani ɗaki da ke kusa, Alhamis a Maigatari, Litinin ko Juma'a a Maraɗi, yadda mai bukata zai shiga ya fito kamar wanda ya je gaisuwa. Muna ba da shawarar a nemi mace cikin waɗanda za a fara da su, domin akwai abin da matan da suka fito daga daji ba za su taɓa gaya wa namiji ba.

Za mu aika wannan shafi ga shugabannin jami'o'in biyu da daraktocin lafiya na jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa, tare da tambaya guda: masu digirin halayyar ɗan Adam nawa ne ke zaune a jiharku a yau, kuma nawa ne a cikinsu za su koma aji idan aka buɗe musu ƙofa a watan Oktoba? Duk amsar da ta iso mu za mu buga ta a nan da Hausa da Faransanci, mu kuma karanta ta a shirin dare, inda mai hatsin nan ya ce yana saurare tunda barci ba ya zuwa.